Gyara Fangali Kafin a Sako Ruwa: Nasiha Ga Masu Fita Neman Halal a Ƙasashen Waje



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yalwata ta, Ya kuma halatta wa bayinSa su yi tafiya a cikinta domin neman arzikinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata hira da na yi da wani matashi ɗan garinmu Madobi, wanda na koyar da shi a Islamiyya tun yana ƙaramin yaro. Shekara uku ya yi a birnin Riyad yana tuƙa motar wani kamfani. Da ya dawo ya zo gaishe ni bayan sallar isha'i, sai na yi masa tambayar da kowa yake so ya yi masa amma kunya ta hana: shin an fanshi gonar mahaifinku? Domin na san eka biyu ce a bakin ruwa aka jinginar aka biya wanda ya nemo masa biza. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, har yanzu tana hannun mutumin."

Wannan yaro bai sha giya ba, bai yi caca ba, albashinsa kuma an biya shi. Da na bi diddigin labarin sai na ga tun a watanninsa na farko aka yi ɓarnar. Ya yi wata huɗu ba shi da igama, don haka sai aka riƙa zuba masa albashi a asusun wani abokin zamansa, katin cirar kuɗin ma yana aljihun abokin. Layin wayarsa da sunan wani aka yi masa rajista. Da ya samu nasa asusun, sai ya karɓi babbar waya a kan biya kaɗan-kaɗan, sannan da bikin ƙanwarsa ya taso ya ranci Riyal dubu uku a wurin wani ɗan ƙasarmu da sharaɗin zai mayar da dubu huɗu. Abin da ya rage kuma yana aikowa gida ta hannun wani mai karɓar Riyal a can a ba da Naira a Kano, babu rubutu babu shaida. Yau shi da yayansa ba sa ga maciji, shi yana cewa ya aiko da abin da ya isa fansar gona, yayan yana rantsuwa cewa abin da ya zo taki da asibiti suka cinye.

Ra'ayina a wannan al'amari guda ɗaya ne, kuma a kansa zan gina maganata. Tsara sha'anin kuɗi a ƙasar da mutum ya je aiki, tun daga buɗe asusu har zuwa layin waya da takardar haya da hanyar aike, wani yanki ne na addini, kuma wanda ya yi sakaci da shi a kwana casa'in na farko da wuya ya ga albarkar shekarun da za su biyo baya.

Mu mutanen wannan yanki na Madobi da Kura da Bunkure bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka fara sako ruwa zuwa gonakin Kadawa, kowane manomin rani ya san cewa kafin ranar ban-ruwa ake yashe magudana, a ɗaga kunya, a daidaita fangali. Wanda ya bari sai ruwa ya iso sannan ya ɗauko fartanya, to ruwan zai bi ta inda ya ga dama, ya shayar da ciyawa da gonar maƙwabci, shinkafarsa kuwa ta bushe. Albashi ma haka yake, yana zuwa ne a ranarsa, ya bi hanyar da ya tarar an haƙa masa.

Abin da magabata suka yi

Ba mu ne farkon waɗanda suka bar gida suka sauka a baƙon gari ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyoyinsu da ke wurinsa, alhali masu ajiyar nan da yawansu suna cikin masu adawa da shi. Da aka isa Madina kuma, aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Abdurrahman bin Auf da Sa'adu bin Rabi'u, Allah Ya ƙara musu yarda, Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga kasuwar Banu Ƙainuƙa'a ya dawo da ribar cuku da man shanu, kuma bai daɗe ba ya yi aure da guminsa. Darasi biyu ke nan: a sauke amanar baya kafin a tashi, kuma a tsaya da ƙafar kai idan an isa.

Kakanninmu fatake da suke bin ayari zuwa Gwanja sayen goro su ma suna da tsarinsu. Baƙo ba ya sauka a Salaga ko zangon Kumasi sai a gidan fatoma sananne, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa idan zai karɓi kaya bisa lamuni. Jarin fatoma shi ne sunansa, ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari ya riga shi zuwa Kano. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai lodin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa ajiya a bankin Turawa da ke Kano, kuma ba ya karɓar ruwa a kan ajiyarsa saboda addini. Ya yi amfani da abin zamani, ya bar musu abin da Allah Ya haramta.

Kafin a bar gida

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ayar da ke biye da ita ta yi maganar matafiyin da bai samu marubuci ba, ta ba shi damar jingina. Saboda haka duk abin da aka haɗa wa matafiyi, na kawu ne ko na gwaggo ko na adashin mahaifiya, a zauna a rubuta wanne ne kyauta wanne ne rance, a gaban shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda ba ne, bin umarni ne, kuma shi ne yake tsare zumunci ranar da mantuwa ta shigo.

Sai maganar jinginar gona yadda muke yin ta a nan, inda mai kuɗi zai karɓi gona yana noma ta rani da damina har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani da sharaɗi yana cikin riba da aka haramta. A mazhabarmu ta Malikiyya an yi rangwamen cin amfanin jingina ne idan bashin na ciniki ne kuma an yanka masa lokaci, ban da bashin rance. Mafita tana nan kusa: a bayar da gonar haya na shekaru sanannu a kan kuɗi sananne, wa'adi na cika gona ta dawo hannun masu ita ko yaro ya samu ko bai samu ba. Da iyalin ɗalibin nan nawa sun yi haka, da yanzu suna noma gonarsu.

Na uku, matafiyi ya buɗe asusu a gida da sunansa, da lambar BVN ɗinsa, kafin ya hau jirgi. Uzurin da iyayenmu suke bayarwa cewa banki gidan ruwa ne ya ragu ƙwarai, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 kuma Kano tana cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Ya kuma kula da layin wayar da ya yi rajistar asusun da shi, kada ya ba ƙaninsa, kada ya bari ya mutu, domin ta nan banki yake turo lambobin sirri.

Idan an sauka

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Saudiyya, inda mafi yawan yaranmu suke nufa, igama ita ce mabuɗin kowace ƙofa. Da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake mallakar layin waya na dindindin, da ita ake shiga manhajar Absher da hukuma take hulɗa da mutane ta cikinta, da ita ake rajistar haya a tsarin Ejar. Nauyin fitar da ita yana kan wanda ya ɗauko ma'aikaci, a cikin kwana casa'in na shigowarsa, kuma dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora kuɗinta a kan mai aikin. Dokar ƙasar ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikaci. Tun 2013 aka fara tilasta wa kamfanoni biyan albashi ta banki domin hukuma ta riƙa ganin wanda aka biya da wanda aka danne. Wanda ya yarda albashinsa ya riƙa shiga asusun wani, ya share hujjarsa da hannunsa.

A watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafili, ma'aikacin kamfani ya samu damar sauya wurin aiki bayan cika sharuɗɗa ba tare da yardar maigidansa ba. Amma wannan sassauci bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona da makiyaya ba, kuma waɗannan su ne ayyukan da aka fi kai mutanen karkara irinmu. Don haka tun kafin a biya ko kwabo, a nemi wanda ya iya Larabci ya karanta sunan sana'ar da aka rubuta a biza da abin da kwantiragi ya ƙunsa.

Kamar yadda bai kamata ka zuba kuɗinka a asusun wani ba, haka bai kamata ka ba wani aron naka ba. Za a zo maka da fuskar taimako, a ce wane ba shi da igama, a bari kuɗinsa su bi ta wurinka. Ranar da aka gano kuɗin na zamba ne, sunanka ne a takarda. Haka layin waya, duk abin da aka aikata da shi mai rajista ake nema. Haka kuma buɗe shago da sunan ɗan ƙasa alhali naka ne, abin da suke kira tasattur, wanda dokar 2020 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Musulmi da ya shiga ƙasa da biza ya shiga ne da alƙawari, cika alƙawari kuwa wajibi ne.

Ƙofar bashi

A nan gida mu manoma mun san kuɗin ruwa iri biyu. Akwai wanda ake biyan Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are domin ban-ruwa, wannan halal ne kuma hakki ne. Akwai kuma wanda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka yi magana a kansa, har Allah Ya shelanta yaƙi da wanda ya ƙi barinsa. Matsalar ƙasar waje ita ce na biyun nan ba ya zuwa da mummunar fuska. Da zarar albashi ya fara shiga asusu a jere, saƙonni za su fara shigowa waya, wannan yana tayin katin bashi, wancan yana cewa ɗauki yanzu ka biya a hankali.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. A zamanta na Sharja a 2009 kuma ta haramta tawarruƙin da banki yake shiryawa, wato a sayar maka da kaya bashi da tsada, bankin ya sayar maka da su nan take da araha ya ba ka tsabar kuɗi, kai ko ganin kayan ba ka yi ba. Akwai malaman da suka halatta wasu surori na waɗannan mu'amaloli, amma abin da nake so ɗan'uwa ya gane shi ne rubuta kalmar Musulunci a jikin takarda bai ɗauke masa nauyin karantawa da tambaya ba.

Ta fuskar duniya ma bashin can ba irin na gida ba ne da ake turo dattijo ya ba da haƙuri. A Saudiyya akwai cibiyar SIMAH da take tattara tarihin bashin kowa, kuma kotu tana iya hana wanda ake bi bashi fita daga ƙasar. Mutum sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwon ajali ya kasa zuwa saboda kuɗin waya.

Masu zuwa Ingila, kamar likitoci da ma'aikatan jinya da suke fita daga Kano, tasu jarrabawar daban ce. A can kamfanoni irin su Experian da Equifax suna ajiye tarihin yadda mutum yake biyan abin da ake bin sa, kuma baƙon da ba shi da wannan tarihi yakan sha wuya wajen samun haya ko kwantiragin waya. Sai abokai su ce masa babu makawa sai ya karɓi katin bashi. Amma akwai matakan da suka riga wannan: asusu da sunansa, biyan kuɗin wuta da na waya a kan lokaci ta cikin asusun, da shigar da sunansa a rajistar masu zaɓe, wadda ɗan Nijeriya mai izinin zama yake da damar shiga saboda ƙasarmu tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Akwai kuma bankin Musulunci a can tun 2004, wanda aka sauya wa suna zuwa Al Rayan a 2014. Hanyar tana da jinkiri, amma tana kaiwa.

Na san wani zai ce, "Malam, kana zaune a Madobi kana faɗar abin da ba ka ɗanɗana ba, larura ce." Na yarda akwai larura, kuma shari'a ta san da ita. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wancan bashin abinci ne, babu ruwa a kansa, kuma da jingina a hannu. Larura ana auna ta ne da gwargwadonta, kuma malami masanin halin ƙasar ne zai auna, ba son zuciya ba. Babbar waya ba larura ba ce, kayan ɗakin gasa da maƙwabta ba larura ba ne. Mu tuna an kawo gawar wani sahabi da ake bin sa dinari uku, Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi masa salla har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi.

Aike zuwa gida

Riyal yana ɗaure da Dala a kan 3.75 tun 1986. Naira kuwa a farkon Yunin 2023 tana wajen 460 a kan Dala ɗaya a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya aiko da kuɗi a ajiye masa ba tare da an rubuta rana da adadi da irin kuɗin ba, ya shuka rigima ko da duk mutanen gidansu waliyyai ne. Shawarata ita ce a raba aike gida biyu. Na cefane da hidimar iyaye ya tafi hannun wanda aka wakilta. Na ajiya da fansar gona ya tafi kai tsaye asusun mai shi, ta hanyar da hukuma ta sani mai bayar da rasit. Idan kuma dole ta sa aka bi ta hannun mutum, to a yanke farashi a lokacin, a karɓa a lokacin kamar yadda hukuncin canji ya tanada, a kuma ajiye shaida. Matafiyi ya rubuta wasiyya, ya bayyana abin da yake bi da abin da ake bin sa da inda ajiyarsa take. Ya riƙe ranar da dukiyarsa ta kai nisabi domin zakka.

Mu da muke gida

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu, domin kaso mai yawa na laifin namu ne. Yaro bai cika wata biyu da tafiya ba, ko igama bai karɓa ba, mun fara kira: ga suna, ga biki, ga ragon layya, ga kuɗin taki. Muna lissafa albashinsa da Naira muna ganin ya zama Ɗantata, ba ma lissafa abin da yake ci da abin da ake bin sa. Shi kuma kunya da tsoron a ce ya manta da gida sai su tura shi wurin mai ba da dubu uku a karɓi dubu huɗu. Riyal dubun nan ta haram da ɗalibina ya biya, waɗanda suka matsa masa lamba a kan kayan ɗaki suna da kamasho a cikin zunubinta. Ina roƙon iyaye da yayye su ba matafiyi wata shida ba tare da an tambaye shi komai ba, har ya tsaya da ƙafarsa, ya fara sauke bashin tafiya. Ina kuma roƙon limamanmu na Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam su sa wannan magana a huɗuba da karatun azumi, su kuma yarda su zama marubuta da shaidu idan iyali za su sallami ɗansu.

Ɗalibin nan nawa yana shirin komawa. Na ce masa kafin ya nemi biza mu fara zama da yayansa da mai riƙe da gonar, a gaban liman, a rubuta abin da kowa ya yarda da shi, a yafe abin da ba a iya tantancewa. Ya amsa, mun sa ranar Juma'a bayan la'asar. Ina roƙon mai karatu ya sa su a addu'a.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya gyara tsakanin 'yan'uwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.